An Bi Ƙa'ida, Amma An Yi Adalci?

Zaluncin da ya zo da kulki kowa yana gane shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zuwa da takardu cif-cif, da sa hannun kowa, da hatimi a inda ya dace, har wanda aka ƙwara ya rasa ta inda zai fara kuka. Addininmu ya yi magana a kan wannan nau'in tun da daɗewa, sai dai mun fi jin maganar a babin gado da na saki. Ni a kan sayen kwamfutoci na ci karo da ita.

Kwalejin da nake koyarwa, ta gwamnatin tarayya ce, ta samu kaso daga TETFund don ta cika wani zaure da kwamfutoci. Wannan asusu dokar 2011 ce ta kafa shi a madadin tsohon asusun harajin ilimi, kuɗinsa kuma daga ribar kamfanoni ake cira. Buƙatar ba ɓoyayya ba ce. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantar da ba ta da irin wannan zaure ta zama abin tausayi, balle wadda aikinta yaye malamai ne. Aka buga talla a jaridu, aka jera takardun da mai nema zai kawo: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta fansho, ta ITF, ta NSITF, da sauransu. Kowa ya liƙe tayinsa a ambulan ya jefa a akwati. Ranar buɗewa aka taru a ɗakin taro, aka fasa akwatin a gaban kowa, ana kiran sunan kamfani ana faɗar farashinsa da ƙarfi, 'yan kwangila suna rubutawa a bayan takarda. Babu wanda zai ce an yi wani abu a ɓoye a wannan rana.

Cikin masu nema akwai wani tsohon ɗalibina da yake da shagon kwamfuta a Kano, yana saro kaya daga Ikeja da Dubai. Na faɗi alaƙarmu ne don mai karatu ya rage abin da zai rage daga maganata. Tayinsa ne ya fi na kowa sauƙi a cikin waɗanda aka karanta. Bayan 'yan makonni ya ji an ba wani wanda farashinsa ya ɗara nasa sosai. Abu biyu ne suka kayar da shi. Na farko, an nemi wasiƙa daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar da kansa, mai ɗauke da sunan kwalejin da wannan aiki, shi kuwa ta babban dilan kamfanin ya kawo. Na biyu, bayanin kayan da ake so bai ambaci sunan kowane kamfani ba, amma ya faɗi nauyin na'urar, da faɗinta, da adadin kafofin da ke bayanta da yadda aka jera su, ta yadda samfuri guda ne kaɗai a kasuwa zai cika siffar. Ya same ni a ofis, ya ajiye takardun a gabana ya ce, "Malam, ka duba da kanka. Mu rakiya kawai muka yi." Washegari ya rubuta ƙorafi.

Amsa biyu na riƙa ji a ɗakin malamai da bakin masallacin kwaleji. Wasu su ce, "Ai an bi ƙa'ida, me kuma yake nema?" Wasu su ce, "Ya yi haƙuri, ba rabonsa ba ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Ta biyun ba za ta ɗauke mu lokaci ba, ko da yake ita ce ta fi kama da maganar addini. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda ya rasa, kuma na so ɗalibina ya sha shi. Amma ba hujja ba ce a hannun wanda ya yanke hukunci. Malamai sun bambance: ana lallashin kai da ƙaddara a kan musiba, ba a wanke laifi da ita. Da "ba rabonka ba ne" amsa ce da ta wadatar, da alƙali bai da aiki, da an rufe kotuna an ce kowa ya je gida ya jira rabonsa. Sayyidina Umar da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tuhume shi da gudun ƙaddara, sai ya nuna musu cewa juyawar ma ƙaddara ce. To rubuta ƙorafi ma haka. Kuma Suratun Nisa'i, a wajen da ta hana bayyana mummunar magana, ta keɓe wanda aka zalunta. Mun iya kiran mai ƙorafi mahassadi ko mai ja da ikon Allah, abin da hakan ke haifarwa kuwa shi ne wanda ya ci ya ci bulus, ba mai tambayarsa.

Amsa ta farko ita ce mai ƙarfi, kuma ba na son in raina ta. Waɗanda suka san yadda ake ba da kwangila kafin a shigo da wannan tsari sun san a falon mai gida ake gama komai. Ofishin bin ƙa'ida da gwamnatin Obasanjo ta buɗe, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta, da dokar sayen kayan gwamnati da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yuni na 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, sun kawo abubuwan da ba ƙanana ba. Dole a tallata aiki. Dole a buɗe tayi a bainar jama'a. Dole a gayyato masu sa ido biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar sa kai. Wanda za a ba aiki shi ne mafi sauƙin farashi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Haɗa baki don a shirya wanda zai ci, da datsa kwangila gida-gida don a kauce wa iyakar kuɗi, laifuka ne, ma'aikacin da aka kama kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 5, ba zaɓin tara.

Tsarin kuma ba baƙo ba ne ga shari'a. An ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci ya nemi mai saye, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, ya sallama masa. Wannan shi ne gwanjo, neman kwangila kuwa gwanjo ne da aka kifa: maimakon wa zai ƙara, sai a ce wa zai rage. Ya kuma hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani. Kamfanonin da ake jerowa su cika adadi, alhali uku daga cikinsu na mutum ɗaya ne, ban san wane suna za a ba su ba in ba wannan ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tattauna batun a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta neman kwangila ta gasar farashi, ta kuma yarda a taƙaita shiga ga waɗanda aka tantance, amma da sharaɗin tantancewar ta ginu a kan ma'auni na gaskiya da adalci. A wannan sharaɗi na ƙarshe ne rigimarmu take.

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san yadda ake raba nama ba rai ya ɓaci ba. A kasa shi kashi-kashi, a sa yaro ya juya baya, a nuna kashi a ce na wa, ya ambaci suna. Mai kasawa yana ƙoƙarin daidaita tsoka da ƙashi da kayan ciki, ba don ya fi kowa tsoron Allah ba, sai don bai san wanne ne zai faɗo masa ba. Masanin falsafar nan na Amurka, John Rawls, a littafinsa na 1971 kan adalci, a kan irin wannan rashin sani ya gina tunaninsa: ka tsara ƙa'ida kamar ba ka san inda za ka tsaya a ƙarƙashinta ba. Ambulan ɗin da aka liƙe shi ne juya bayan yaro. Sai dai abu ɗaya kawai yake ɓoyewa, farashi. Wanda ya zauna watanni kafin haka ya rubuta irin kwamfutar da ake so da irin wasiƙar da za a kawo, shi bayansa ba a juye yake ba. Yana iya sanin wa yake da wace wasiƙa, wa yake da wane samfuri jibge a sito. In ya so, ya gama rabon tun ba a buga talla ba, duk abin da zai biyo baya kuwa, akwati da makulli da masu sa ido, za su gudana tsaf ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Rawls ya raba wani abu da nake ganin yana warware mana ruɗanin. Akwai tsarin da duk abin da ya haifar daidai ne, muddin an bi shi, kamar ƙuri'a: ba wata amsa da ke waje da ita da za a auna ta da ita. Akwai kuma tsarin da aka kafa don a gano wata gaskiya da ke nan tun kafin shi, kamar shari'ar wanda ake tuhuma: ko ya aikata ko bai aikata ba, kuma kotu tana iya bin kowane mataki amma ta ɗaure marar laifi. Masu cewa "an bi ƙa'ida" suna ɗaukar neman kwangila kamar ƙuri'a ne. Ba ita ba ce. Akwai amsa a waje: wace kwamfuta ce za ta fi amfanar ɗalibi da wannan kuɗi, kuma wa zai kawo ta. Talla da akwati hanya ce ta neman amsar, hanya kuwa tana iya ɓata.

Mu ba sai mun je Amurka neman wannan ba. Ummu Salama ta ruwaito gargaɗin da Annabi ya yi wa masu kawo masa ƙara, cewa wani yana iya fin wani iya baki har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya karɓa ta haka yankin wuta ne. Daga nan malaman fiƙihu suka bambance abin da ya tabbata a gaban alƙali da abin da ya halatta tsakanin bawa da Ubangijinsa. In hukuncin da ya fito daga bakin mafificin halitta bai mayar da haramun halal ga wanda ya san ya yi dabara ba, ina ga rahoton kwamitin mutum bakwai? Labarin mutanen Asabar a Suratul A'arafi ma haka yake. An hana su kamun kifi ranar Asabar, masu tafsiri suka ce sai suka riƙa kafa tarko kafin ranar su kwashe bayanta. Ba su taɓa ruwa ranar da aka hana ba. Wannan ne ya sa Malikawa, mazhabar da muka tashi a kanta, suka tsananta wajen toshe kafar da ake bi da halal a isa haram.

Amma kada a ɗauka ina cewa ɗalibina ne mai haƙƙin aikin. Ban ce ba, kuma na faɗa masa. Arha a harkar kwamfuta abin tsoro ce. Akwai na'urorin da suka gama aiki a ofisoshin Turai, a goge su, a sauya musu kwali, a kawo su a matsayin sababbi. Akwai manhajar sata da za ta fara kuka bayan wata uku. Akwai batirin inbata da ba zai ga damina biyu ba. Akwai ɗan kwangilar da zai karya farashi don ya ci, ya karɓi kafin alƙalami, sannan ya dawo yana cewa dala ta tashi. Wasiƙar kamfani da aka nema tana da dalilinta: ita ce ke nuna kayan na asali ne kuma garanti zai yi aiki in allo ya mutu. Kwamitin da ya ba mafi arha ido rufe shi ma ya ci amana, illa dai cin amanarsa ba mai kai ƙara a kai.

Dalili shi ne wanda ya fi kowa haƙƙi a wannan ciniki ba ya cikin ɗakin. 'Yan kwangila suna nan da lauyoyinsu, hukuma tana nan da kwamitinta. Yarinyar da ta zo daga ƙauye tana karatun NCE, wadda ba ta taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba kuma za a ce ta koyar da 'yan firamare kwamfuta, ita ba wanda ya gayyace ta. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya kafa ƙa'ida a littafinsa Al-Furuƙ cewa duk mai riƙe da wani iko a kan jama'a bai da damar yin komai da shi sai abin da zai jawo musu amfani ko ya kare su daga cuta, ya kuma ɗauko hujjar daga ayar dukiyar maraya. Shugaban kwaleji da ma'aji da daraktan kwamfuta waliyyan maraya ne a kan wannan kuɗi. Ba nasu ba ne balle su yi kara da shi, ko ga aboki, ko ga ɗan gari, ko ga wanda ya fi kowa iya kuka.

Da wannan ma'auni ake gane sharaɗin gaskiya da na dabara. A ɗauki kowanne a tambaye shi: me ɗaliba za ta rasa in aka cire ka? In an ce ƙwaƙwalwar na'ura kada ta gaza kaza, amsar a fili take, manhajar jarrabawa ba za ta gudu ba. In an ce garanti na shekara kaza da wurin gyara a cikin ƙasa, ita ma a fili take. In an ce wasiƙar kamfani, to, amma me ya hana ta babban dilan da kamfanin ya amince da shi, tunda waya ɗaya ta isa a tabbatar? In kuwa aka zo kan nauyin akwatin kwamfutar da za a ɗora a tebur ba mai ɗaga ta, da yadda aka jera kafofin bayanta, sai a yi shiru. Sharaɗin da ba zai iya kare kansa da buƙatar ɗalibi ba, buƙatar wani ce ta haife shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mai yiwuwa ba wanda ya karɓi ko sisi. Mun saba da zaton duk inda aka karkata to an ba da na goro, kuma sau da yawa haka ne. Labarin Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, har Annabi ya hau mumbari a kansa, kowane ɗalibin Islamiyya ya san shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya lissafa gaisuwa a Kitabul Farƙ cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Amma a harkar na'urori akwai wata ƙofa da ba ta buƙatar ambulan. Ana ce wa ma'aikaci ya kawo bayanin kayan da za a saya zuwa jibi. Ba fanninsa ba ne sosai, ko kuma aiki ya yi masa yawa. Sai ya kira wani dila da ya sani ya ce, "Alhaji, taimaka mini da bayanin kwamfuta mai kyau." Alhaji ya turo masa takardar samfurin da yake sayarwa, shi kuma ya goge sunan kamfanin ya liƙa sauran a takardar talla. Ya kwana da zuciya fara, zai iya dafa Alƙur'ani cewa bai ci komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Shin an yi zalunci in ba wanda ya yi niyyarsa? Ina ganin an yi. A fiƙihu, wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai a hali biyu: in ya yi ta'adi, ko in ya yi sakaci. Ba a ce sai ya yi niyyar cuta ba. Niyya ita ke auna nauyin zunubinsa a wajen Allah, amma ba ta mayar wa kwaleji kuɗin da ta biya fiye da kima, ba ta kuma mayar wa sauran masu nema kuɗin takardu da na mota da suka kashe suna neman abin da an riga an rufe. Kiran mutane gasa alkawari ne cewa ƙofa a buɗe take. Wanda ya kira su alhali bai duba ko a buɗe take ba, ya ɗauki alhakinsu ko da da murmushi ya yi.

Dokar 2007 ta ba mai ƙorafi hanya. Ya rubuta wa shugaban ma'aikatar cikin kwanakin aiki 15, shi kuma ya amsa a rubuce cikin wasu 15. In bai gamsu ba ya kai BPP cikin kwanakin aiki 10, hukumar ta yanke cikin 21, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Ta kuma wajabta a yi wa wanda ya faɗi bayanin dalilin faɗuwarsa in ya nema. A takarda ba laifi. Rauninta shi ne matakin farko yana kai ƙara ne wajen mutumin da ya sa hannu a hukuncin, ana neman ya ce ni da mutanena mun yi kuskure. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari, wadda alƙalai ke karantawa har gobe, ta hori alƙali kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. Abin da ake nema ke nan a wajen shugaban kwaleji, kuma doka ba ta iya dasa shi a ƙirjin kowa.

Amsar da ɗalibina ya samu ta zo a kan lokaci. Ta ce kwamiti ya auna kowane tayi da sharuɗɗan da aka buga, nasa kuma bai cika biyu daga ciki ba. Kowace kalma a cikinta gaskiya ce. Sai dai shi ba wannan ya tambaya ba, ya tambayi daga ina sharuɗɗan suka fito. Na ce masa, "To sai Abuja ke nan." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ina kawo musu tawadar firinta da takarda duk zango. In na kai su Abuja wa zai sake kirana?" Ban ga laifinsa ba, yana da yara a shago da iyali a gida.

A zaman majalisar malamai da ya biyo baya na kawo shawara guda: duk lokacin da za a sayi na'ura, a rubuta dalilin kowane sharaɗi a gefensa, a sa sunan wanda ya rubuta bayanin kayan, ya kuma bayyana ko ya nemi taimakon wani dila. Wani abokin aiki ya ce wannan zai jawo jinkiri, kuɗin kuma suna da wa'adi. Shugaban zama ya ce shawara ce mai kyau, za a miƙa ta ga kwamiti ya duba.